Ƙofofi Biyu, Kurmi Ɗaya: Ketchikan Da Kay Llnagaay A Kan Sikeli

Idan aka ce kurmi, abin da ke faɗo wa yawancinmu a rai shi ne zafi da gumi da sauro, irin na Kongo ko na Amazon. Akwai kuma wani kurmin da ruwan sama ke rayawa cikin sanyi. Mafi girman irinsa a duniya yana shimfiɗe a gaɓar tekun Fasifik, tun daga arewacin Kalifoniya, ya ratsa yammacin Kanada, har ya dangana da kudancin Alaska. Sauran 'yan'uwansa suna warwatse a kudancin Chile, da New Zealand, da tsibirin Tasmaniya, da wani yanki na Norway. Iska ce ke kwaso laima daga teku, ta yi karo da duwatsun gaɓa, ta hau sama ta yi sanyi, sai ta juye abin da ta ɗauko. Tekun kuma yana hana zafi tsananta, yana hana sanyi wuce iyaka. Gobarar daji ba ta cika samun abin kamawa ba, shi ya sa itatuwa ke tsufa a tsaye har su shekara ɗaruruwa, wasu ma su haura dubu.

A arewacin wannan kurmi akwai cibiyoyi biyu da aka gina don a tarbi baƙo, a yi masa bayanin daji da mutanensa kafin ya sa ƙafa. Ɗaya ita ce Southeast Alaska Discovery Center a garin Ketchikan na jihar Alaska a Amurka, wadda aka buɗe a 1995. Ɗayar ita ce Haida Heritage Centre a Kay Llnagaay, gefen garin Skidegate a tsibiran Haida Gwaii na lardin British Columbia a Kanada, wadda ta fara karɓar baƙi a 2007. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kilomita 250 ba, sai dai akwai mashigin teku na Dixon da iyakar ƙasa a tsakani. Itatuwan da ke bayansu iri ɗaya ne: sifurus na Sitka, da hemlok, da jan sida, da rawayan sida. Kifin da ke hawa rafukansu ɗaya ne. Mutanen ma akwai zumunci a tsakaninsu, domin wani reshe na ƙabilar Haida ya ƙaura zuwa Alaska tun ƙarni na 18, zuriyarsu na nan a Hydaburg da Kasaan. Tun da dajin ɗaya ne, duk bambancin da za a gani daga masu ba da labarin ya fito, kuma shi ya cancanci a auna.

Abin da za a fara ɗorawa a sikeli shi ne mai gidan. Cibiyar Ketchikan ta Hukumar Gandun Daji ta Amurka ce, hukumar da ke ƙarƙashin ma'aikatar noma. Tana cikin cibiyoyin bayani huɗu da dokar filayen Alaska ta 1980 ta tanada, sauran ukun suna Anchorage da Fairbanks da Tok. Dajin da take wakilta shi ne Tongass, wanda Shugaba Theodore Roosevelt ya ayyana a 1907, mai faɗin kusan hekta miliyan 7, kuma babu gandun dajin gwamnatin tarayya da ya kai shi girma a duk Amurka. Doka ta ɗora wa hukumar ta kula da amfani iri-iri a lokaci guda: katako, da ruwa, da kifi da namun daji, da shaƙatawa. Saboda haka muryar gidan ta mai sasantawa ce, wanda dole ya ba masunci da mai saran itace da mai haƙar ma'adinai da ɗan yawon buɗe ido kowa nasa wuri.

Cibiyar Kay Llnagaay kuwa ta Haida ce, an kuma gina ta a kufan wani tsohon garinsu da ke bakin teku. Jerin ɗakuna ne na katakon sida, masu siffar manyan gidajen kakanninsu, haɗe da juna, suna fuskantar ruwa. A ciki akwai gidan tarihin Haida Gwaii, wanda ya girmi cibiyar domin tun 1976 yake, da ɗakin sassaƙa, da ɗakin kwale-kwale, da ɗakin rawa da waƙa, da ɗakin cin abinci, da azuzuwan karatu. Ofishin da ke kula da gandun Gwaii Haanas, wanda gwamnatin Kanada ke da hannu a ciki, shi ma a nan yake. A Ketchikan gwamnati ce mai gida, 'yan asalin ƙasa suna da ɓangarensu a ciki. A Kay Llnagaay 'yan asalin ƙasa ne masu gida, gwamnati ke da ofis. Muryar farko tana cewa "su", ta biyu tana cewa "mu". Mai cewa "su" yana iya hango abin da na ciki bai hango ba, mai cewa "mu" kuma yana da abin da na waje ba zai taɓa ji a jikinsa ba.

Sai batun wanda ke zuwa, da yadda yake zuwa. Babu hanyar mota da ta haɗa Ketchikan da sauran duniya, amma garin zango ne na manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido. Mazaunansa ba su wuce 8,000 da 'yan kai ba, ga shi kuwa a tsakanin Mayu da Satumba baƙi fiye da miliyan ɗaya ke sauka a tasharsa. Cibiyar tana tsakiyar gari, 'yar tafiya ce da ƙafa daga inda jirage ke tsayawa. Yawancin waɗannan baƙi awoyi kaɗan gare su kafin jirgi ya yi ƙaho, kuma sau da yawa ana tsuga ruwa, domin garin na samun kimanin milimita 3,900 a shekara, wato ninkin na Kano sau huɗu ko fiye. Ga irin wannan baƙo, wanda wataƙila ba zai taka cikin dajin ba ko sau ɗaya, abin da ya gani a ƙarƙashin wannan rufi shi ne duk Tongass ɗin da zai koma gida da shi.

Zuwa Kay Llnagaay sai da niyya. Ko dai mutum ya hau jirgin fito daga Prince Rupert ya yi kimanin awa bakwai yana tsallaka mashigin Hecate, wanda ya yi suna wajen tashin igiya, ko ya biya kuɗin jirgin sama zuwa Sandspit ko Masset. Duk mazaunan tsibiran ba su kai 5,000 ba, kusan rabinsu Haida ne, masaukai kuma ba su da yawa. Wanda ya iso nan ya riga ya ware kwanaki, ya zo da tambayoyinsa. Wannan ya sa aikin cibiyar ya fi sauƙi ta wani gefe, domin tana magana ne da mai son ji. Ta ɗaya gefen kuwa saƙonta ba ya isa ga talakan matafiyi. Ketchikan na ba jama'a masu yawa kaɗan-kaɗan, Kay Llnagaay na ba 'yan kaɗan da yawa, kuma ba abu ne mai sauƙi a ce wanne ya fi amfanar dajin ba.

Da an shiga, duka gidajen biyu da dogayen ginshiƙan sida masu sassaƙe suke tarbar mutum. Ya kamata a faɗa tun da wuri cewa waɗannan ginshiƙai ba gumakan bauta ba ne, ko da yake wasu 'yan mishan na da sun ɗauke su haka. Tambarin zuri'a ne da tarihinta: wane gida ne, daga wa ya fito, wane babban mutum ake tunawa. A farfajiyar cibiyar Ketchikan guda uku ne a tsaye cikin gini, ɗaya na Tlingit, ɗaya na Haida, ɗaya na Tsimshian. Darasin a bayyane yake: ƙabilu uku ne a wannan yanki, kowace da harshenta da salon sassaƙarta, kada a cakuɗa su. Tlingit su ne tsofaffin mazauna wurin, Haida sun hauro daga kudu, Tsimshian kuma sun zo Metlakatla a 1887 tare da ɗan mishan William Duncan. Baƙon da ya zo yana zaton duk abu ɗaya ne zai fita da gyara.

A Kay Llnagaay guda shida ne, a waje suke, ruwa na dukansu, an kuma ɗaga su a 2001 tun kafin a gama ginin. Kowane yana tsaye ne a madadin wani gari na kudancin Haida Gwaii: Skidegate, da Ts'aahl, da Cumshewa, da K'uuna, da T'aanuu, da SGang Gwaay. Biyar daga cikin garuruwan nan kufai ne yau. A 1862 cutar agana ta ɓulla a Victoria, hukuma ta kori 'yan asalin ƙasa da suka zo daga arewa, har da Haida, daga sansanoninsu, suka koma gida ɗauke da ita. Al'ummar da ake lissafawa da dubbai ta ragu har ta koma ƙasa da mutum 600 a farkon ƙarni na 20, waɗanda suka tsira suka tattaru a Skidegate da Old Massett. Ginshiƙan Ketchikan suna amsa tambayar "su wane ne a nan", na Kay Llnagaay suna amsa "ina sauran suka tafi". Ta farko ta fi faɗi, ta biyu ta fi nauyi.

Wajen bayanin dajin kansa, Ketchikan ta fi ƙarfi a ilimin yadda abubuwa ke tafiya. An gina kwaikwayon kurmi a cikin ɗaki, mutum ya ratsa tsakanin kututture da gansakuka, sannan ya wuce sashen da ke nuna yadda teku da rafi da fadama da kan dutse ke haɗe. Irin wannan ilimi ne ke buɗe ido. Shi ke fahimtar da baƙo cewa guguwa ce mai kayar da itace a nan, kuma itacen da ya faɗi bai gama aiki ba, domin a kan ruɓaɓɓen jikinsa sababbi ke tsirowa, shi ya sa ake ganin manyan itatuwa a jere kamar an shuka su. Shi ke bayyana cewa kifin salmon iri biyar ke barin teku su koma rafin da aka ƙyanƙyashe su, su yi ƙwai su mutu, beyar da gaggafa su ja gawarsu cikin daji, abin da ya rage ya zama takin itatuwa. Shi ne kuma ya gano dalilin da rawayan sida ke mutuwa a wurare da dama na Alaska: ƙanƙarar da ke rufe ƙasa ta ragu saboda ɗumamar yanayi, saiwoyinsa kuma a sama-sama suke, sai sanyin ƙarshen hunturu ya daskarar da su.

Kay Llnagaay ta fi ƙarfi a ilimin abin da hannu ke yi da daji. A wurin Haida jan sida shi ne gida, shi ne abin hawa, shi ne tufa, shi ne makara. Ana ɓare ɓawonsa idan ruwan itace ya hau, tsiri ɗaya daga gefe ɗaya don itacen ya ci gaba da rayuwa, a saƙa hula da kwando da igiya. Ana tsaga allo ɗaya, a yi masa tsagi uku, a turara shi a lanƙwasa, ya zama akwati mai riƙe ruwa. Ana fafe kututture ɗaya, a zuba ruwa da duwatsu masu zafi har katakon ya yi laushi, a buɗa bakinsa ya zama kwale-kwalen teku. A nan ake ajiye Loo Taas, kwale-kwale mai tsawon mita 15 da aka sassaƙa ƙarƙashin jagorancin masassaƙi Bill Reid don bajekolin duniya na Vancouver a 1986. An tuƙo shi da hannu daga Vancouver zuwa Skidegate a 1987, ya hau kogin Seine zuwa Paris a 1989, a 1998 kuma shi ya ɗauki tokar Reid zuwa T'aanuu, garin kakarsa. Wanda ya ga wannan, idan ya shiga daji ya tarar da itace mai tsohon tabo a gefe, ko kwale-kwalen da aka fara fafewa aka bari gansakuka ta rufe, zai gane cewa dajin da ake kira wanda ba a taɓa ba ya daɗe da sanin hannun mutum.

Adalci ya hana a ce kowace cibiya abu ɗaya kawai ta iya. A Ketchikan akwai sashen al'adu da ke nuna sansanin kamun kifi da yadda ake ƙyafe shi, ɗakin nuna fina-finan cibiyar kuma sunan Elizabeth Peratrovich aka sa masa, 'yar Tlingit da ta yi sakandare a garin, wadda jawabinta a majalisa ya taimaka aka zartar da dokar hana wariya ta 1945, tun Alaska ba ta zama jiha ba. A Kay Llnagaay ma akwai sashen halittu, ɗaliban jami'a na zuwa ɗaukar darasin kula da albarkatun ƙasa, kuma wani muhimmin bincike kan yadda beyar ke kai salmon cikin daji, wanda Tom Reimchen na Jami'ar Victoria ya yi, a Haida Gwaii aka yi shi. Bambancin yana wajen tsari. A Ketchikan daji yana ɗakinsa, mutane suna nasu ɗakin, sai baƙo ya haɗa da kansa. A Kay Llnagaay an riga an haɗa masa, har ba ya iya raba su.

A bayan kowane gini akwai tarihin gatari. A 1947 majalisar Amurka ta ba da izinin sayar da katakon Tongass duk da ƙorafin 'yan asalin ƙasa. A 1954 aka buɗe masana'antar niƙa katako a Ward Cove, bakin Ketchikan, da kwangilar shekara 50. A 1955 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Tee-Hit-Ton cewa gwamnati ba ta da bashin diyya ga zuri'ar Tee-Hit-Ton ta Tlingit kan itatuwan da aka sare. Wata kotun ta amince a 1959 cewa ƙasar ta Tlingit da Haida ce tun asali, amma da aka zo biya a 1968, dala miliyan 7.5 aka ba su, kusan daidai da miliyan 7.2 da Amurka ta biya Rasha kuɗin Alaska gaba ɗaya a 1867. Wata doka ta 1971 ta rufe maganar da eka miliyan 44 da dala miliyan 962.5 ga 'yan asalin Alaska baki ɗaya, ta hanyar kamfanoni. Masana'antar Ward Cove ta rufe a 1997, ɗaruruwan iyalai suka rasa abin yi. Har yau ba a daina ja-in-ja ba: dokar hana yanka sababbin hanyoyi a daji ta 2001, an cire Tongass daga cikinta a 2020, an mayar a 2023. Hukumar da ke tarbar baƙo a cibiyar ita ce ta sa hannu a waɗancan kwangiloli, ita ce kuma ke gyaran rafukan da suka lalace. Mai ba da labarin yana cikin labarin.

A Haida Gwaii ma an yi sara mai yawa, sai dai labarin ya juya a wata rana da aka sani. A watan Nuwamba na 1985 Haida suka tare hanyar masu saran itace a tsibirin Lyell, wanda su ke kira Athlii Gwaii. Dattawa sanye da tufafin gargajiya suka nemi a fara kama su, aka kuwa fara da su. A ƙarshe mutum 72 aka kama. An daina sara a yankin a 1987, a 1993 kuma Majalisar Al'ummar Haida da gwamnatin Kanada suka sa hannu a yarjejeniyar Gwaii Haanas. Takardar ta fara ne da ra'ayoyi biyu gefe da gefe, Haida na cewa ƙasarsu ce, Kanada na cewa tata ce, ba wanda ya janye, amma suka amince su kula da ita tare da wakilai daidai wa daida. A 2010 aka ajiye sunan Queen Charlotte da tsibiran ke ɗauke da shi aka koma Haida Gwaii, a 2024 kuma lardin British Columbia ya amince a rubuce cewa Haida ke da haƙƙin mallakar tsibiran. Guujaaw, wanda ya sassaƙa ɗaya daga ginshiƙai shidan nan, yana cikin jagororin tare hanya, daga baya ya shugabanci majalisar. A nan ma mai ba da labarin yana cikin labarin, sai dai shi ta gefen wanda ya tsaya a gaban mota.

Ma'auni na gaba shi ne abin da ake nema daga baƙo. Cibiyar baƙi zaure ce: wurin da ake sallama, a zauna, a san da wa ake magana, sannan a ce bismilla. Zauren Ketchikan a buɗe yake, ba a tilasta kowa. Ma'aikaci zai ba ka taswira, ya nuna maka hanyoyin ƙafa, ya faɗa maka yadda ake kama ɗaya daga bukkokin hukuma da ke cikin daji, ya gargaɗe ka kan beyar da ajiyar abinci. Dajin na jama'a ne a dokar Amurka, don haka ana yi maka magana kamar mai rabo a ciki. Akwai mutunci a wannan, domin ɗan ƙauye da attajiri duk ɗaya suke a gaban taswirar.

Zauren Kay Llnagaay yana da sharaɗi. Mai son kallon gidan tarihi kawai zai biya ya shiga kamar ko'ina. Amma mai son zuwa Gwaii Haanas da kansa, sai ya yi rajista ya zauna an yi masa bayani tukuna. Ba a yarda fiye da mutum 12 su sauka a wuri ɗaya lokaci guda ba. A wurare biyar akwai masu gadi 'yan Haida, tsarin da aka fara a 1981, kuma kafin a sauka sai an kira su ta rediyo an nemi izini. Ba a ɗaukar komai, ko da tsinke ne. A SGang Gwaay, wanda UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1981, tsofaffin ginshiƙan makoki suna tsaye suna ruɓewa a hankali, domin Haida sun zaɓi a bar su su koma ƙasa, ba a kwashe su a kai ɗaki ba. Ketchikan ta bi wata hanyar: tun 1938 Hukumar Gandun Daji ta kwaso ginshiƙai daga kufai aka sake sassaƙa irinsu, wasu tsofaffin kuma suna adane a wani gidan tarihi na garin. Albarkacin haka miliyoyin mutane sun gan su, masassaƙa kuma sun samu abin koyi a lokacin da sana'ar ta kusa mutuwa. Ɗaya ya ceci abin, ɗaya ya kiyaye ma'anarsa, kuma ko wanne ya yi asarar abin da ɗan'uwansa ya riƙe.

Kowace tana da inda take yoyo. Raunin Ketchikan shi ne mai son ya gamsar da kowa yakan sassauta murya a inda ya kamata ya ɗaga. Idan aka jera katako da ma'adinai da kifi da al'ada a matsayin amfani iri-iri na daji, baƙo mai gaggawa na iya ɗaukar cewa duk nauyinsu ɗaya, ya fita bai san an taɓa yin shari'a a kan wa ke da ƙasar ba. Gidan gwamnati kuma yakan bi iskar da ke kaɗawa daga Washington, kasafinsa da ma'aikatansa da lokutan buɗewarsa duk a can ake yanke su.

Raunin Kay Llnagaay shi ne wanda ke tattare da duk mai ba da labarin kansa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma mai ita ne ke zaɓar baitin da zai rera. Baƙon da zuciyarsa ta karye da labarin agana, da haramcin bikin gargajiya na potlatch daga 1885 zuwa 1951, da ɗaruruwan ƙasusuwan kakanni da aka karɓo daga gidajen tarihin duniya aka sake binnewa, yana iya komawa gida da hoton mutane marasa aibi. Gaskiya ta fi haka kauri. Haida na da suna da bayi kuma suna kai hari ga maƙwabta. Haida na yau suna da kamfanin saran katako, Taan Forest, kuma akan yi muhawara a tsakaninsu kan nawa ya kamata a sare. A Alaska ma kamfanin Sealaska na 'yan asalin ƙasa ya yi shekaru yana sara mai yawa kafin ya bari a 2021. Mallakar ƙasa ba ta kawar da buƙatar albashi. Sannan cibiyar ta al'umma ɗaya ce a tsibirai ɗaya, wanda ya tsaya a nan kaɗai ba zai ji muryar Tlingit ko Tsimshian ba.

Idan aka tattara, a faɗin ilimi da yawan waɗanda ake kaiwa gare su da sauƙin isa, Ketchikan ce gaba, kuma ratar ba ƙarama ba ce. Mai awa uku da yara a hannu, wanda bai taɓa jin sunan sifurus ba, babu inda zai samu abin da zai samu a can cikin wannan ɗan lokaci. A zurfi, da haɗa daji da mutanensa, da faɗin tarihi daga bakin waɗanda ya faɗa wa, Kay Llnagaay ce gaba. Saura a tambayi me ake gina irin waɗannan cibiyoyi dominsa. In don a ƙara wa baƙo sani ne, to an yi kunnen doki, wataƙila ma Ketchikan ta ɗan ɗara. In kuwa don a gyara yadda zai taka ƙasar ne bayan ya fita, sikeli ya karkata zuwa Kay Llnagaay, domin a can ne kaɗai bayani ke zama sharaɗi, kuma wanda ya yi maka bayanin ɗan'uwansa ne za ka tarar yana gadi a bakin gaɓa. Ni a ganina wannan ma'auni na biyu ya fi cancanta, tun da daji ba ya amfana da abin da baƙo ya haddace, sai da abin da ya yi ko ya bari.

Wannan fifiko bai fito daga kyan gini ko ƙwarewar ma'aikata ba. Ya fito ne daga yarjejeniyar da ke bayan ginin, wadda ta ba masu ƙasa kujera daidai da ta gwamnati. Cibiya ba ta iya faɗin abin da doka ba ta ba ta ba. Ranar da Tlingit da Haida da Tsimshian suka samu irin wannan kujera a kan Tongass, kamar yadda 'yan'uwansu suka samu a kan Gwaii Haanas tun 1993, wannan hukunci zai buƙaci a sake duba shi.